Yadda ake tantance dinarin azurfa na daular Rum

1. Gabatarwa

Kuɗin da aka tono a kufai shaida ne, amma sai an san sarkin da ya buga shi da shekarar bugun kafin a kafa hujja da shi. Wannan ƙasida za ta duba hanyoyi uku na tantance denarius, kuɗin azurfa da Rumawa suka soma bugawa wajajen shekara ta 211 kafin miladiyya. Daga sunansa ne Larabawa suka samo kalmar dinar, wadda Hausawa ke kira dinari.

2. Rubutu

Rubutun da ke kewaye da kan sarki shi ne madogara ta farko. A taƙaice ake yin sa da Latinanci: IMP na nufin jagoran yaƙi, AVG laƙabin sarauta, COS muƙamin konsul, TR P kuwa ikon wakilin talakawa, wanda ake sabuntawa duk shekara. Lambar da ke bin waɗannan ita ke ba da lokaci. Alal misali, dinarin Trajan mai ɗauke da COS V an buga shi tsakanin 103 da 111. Mai COS VI daga 112 ne zuwa 117. In kuma akwai laƙabin cin nasara kan Fartiyawa, bai riga 116 ba.

Sai dai suna kan ruɗi mai bincike. ANTONINVS PIVS na fitowa a kuɗin Antoninus Pius (138-161), da Caracalla, da Elagabalus. Kalmar DIVVS kuwa na nuna sarkin ya rasu, magajinsa ne ya buga kuɗin.

3. Kamanni

Inda suna ya rikice, fuska ke raba gardama. Antoninus Pius dattijo ne mai gemu, Elagabalus kuwa matashi ne. Ajiye gemu ya zama al'adar sarakuna ne daga Hadrian (117-138). Kambin ganye alamar dinari ce. Kambi mai tsinaye kamar hasken rana na antoninianus ne, wanda Caracalla ya fito da shi a 215.

4. Nauyi da ƙarfe

A zamanin Augustus dinari na kai kimanin giram 3,9, kusan tsantsar azurfa. A shekara ta 64 Nero ya mai da shi wajen giram 3,4, ya ƙara masa tagulla. Binciken Kevin Butcher da Matthew Ponting, waɗanda suka auna cikin ƙarfen maimakon fatarsa, ya nuna azurfar ta sauka zuwa kimanin kashi 80 cikin 100. Ƙarƙashin Septimius Severus (193-211) ta koma wajen rabi. Saboda haka kuɗin da nauyinsa ya gaza na zamaninsa ainun abin tuhuma ne: tun a wancan lokaci maƙeran jabu na lulluɓe tagulla da fallen azurfa.

5. Kammalawa

Bayan waɗannan matakai sai a gwada da kundin Roman Imperial Coinage, wanda Mattingly da Sydenham suka soma fitarwa a 1923. Amma shekarar bugu ba ita ce shekarar binnewa ba. Dinaran da Marcus Antonius ya buga wa rundunoninsa a 32-31 kafin miladiyya sun ci gaba da yawo har ƙarni na 3, don ƙarancin azurfarsu ya sa ba a hanzarta narkar da su ba. Wannan gargaɗi ya shafi masu nazarin Sahara musamman: kuɗin Rum ƙwaya ɗaya bai isa ya tabbatar da fatauci a zamanin sarkin da ke kansa ba. Abin da yake tabbatarwa shi ne bai isa wurin kafin a buga shi ba. Sauran bayani yana ga ƙasar da aka tono shi da kayan da ke tare da shi.