Littattafan Yaƙin Jihadi a Turance, da Ribaɗin Ƙasar Zamfara

Wanda ya ke neman sanin dabarun yaƙin Jihadi cikin harshen Ingilishi, galibi littattafai biyu ya kan buɗe. Ɗaya shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, wanda ya wallafa a 1812, Arnett kuwa ya juya shi aka buga a Kano a 1922. Na biyu Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Hiskett ya fassara, ya fito a Ibadan a 1963.

Aikin Arnett sai an yi hattara da shi. Shi da kansa ya faɗa a bangon littafin cewa bayani ne da nasa kalmomin, a waɗansu wurare kaɗai ya bi Larabcin sosai. Duk da haka a kan ga malami ya ɗauko jimla daga ciki ya karanta wa ɗalibai, ya ce maganar Bello ce. Wannan ganganci ne.

Ko da fassarar ta inganta, akwai giɓin da ba ta iya cikewa. Littattafan nan biyu labarin karo su ke bayarwa, kamar na Tabkin Kwatto a 1804, inda Jama'a, mafi yawansu 'yan baka da dawaki ƙalilan, suka karya dawakin Gobir, da zaman Sabon Gari a ƙasar Zamfara a 1805. Infaƙu ya kai har faɗuwar Alƙalawa a 1808. Amma babbar dabarar Bello ta zo bayan an gama rubuta su, sa'ad da ya zama Sarkin Musulmi, daga 1817 zuwa 1837. Dabarar ita ce ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda a ke zaunar da mutane su yi noma da karatu, su kuma tsare hanya. Irin wannan matsayi Bakura ta samu, haka kuma gidan Sarkin Ƙayan Maradun daga zuriyar Bello ya fito.

Saboda haka mai karatu da Turanci kaɗai ya kan san yadda aka ci Gobir, bai san yadda aka riƙe Zamfara ba. Malamin da ke koyar da tarihin wannan yanki sai ya koma ga abin da Bello ya rubuta da Larabci a kan ribaɗi da tsaro, ya haɗa da abin da dattawan Bakura da Mafara da Maradun ke riwaitowa.