Gudun dogon zango: yadda ake horo da yadda ake raba ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe

Gudun dogon zango shi ne duk tseren ƙafa da ya kai kilomita 5 ko ya haura. Waɗanda aka fi sani a kan titi su ne kilomita 5, kilomita 10, rabin famfalaki mai kilomita 21.1, da cikakken gudun famfalaki mai kilomita 42.195, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani. Mafi yawan masu shiga irin waɗannan tsere ba ƙwararru ba ne: malamai ne, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, da ma'aikatan ofis. Abin da ya fi kayar da su a hanya shi ne fara gudu da saurin da jiki ba zai iya riƙewa har ƙarshe ba.

Asalin kilomita 42.195

An fara tseren famfalaki na zamani a gasar Olamfik ta 1896 a birnin Atina na ƙasar Girka, a kan kusan kilomita 40. Tsawon da ake amfani da shi yanzu ya samo asali ne daga gasar Olamfik ta 1908 a Landan, sannan hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da shi a 1921. Tseren na 1908 ya bar darasi. Ɗan Italiya Dorando Pietri ne ya fara shiga filin wasa, amma ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Ya yi ta faɗuwa, jami'ai suna ɗaga shi, har ya ƙetare layi. Saboda wannan taimako aka soke nasararsa, aka ba Ba'amurke Johnny Hayes.

Mene ne taku?

Taku a nan yana nufin mintocin da mai gudu ke ɗauka kafin ya cinye kilomita ɗaya. Masu jin Faransanci suna ce masa “allure”. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba lokaci da yawan kilomita. Wanda ya yi kilomita 5 cikin minti 30, takunsa minti 6 ne. Ga wasu misalai:

Kilomita 10 cikin awa 1: minti 6 a kowace kilomita.
Kilomita 10 cikin minti 50: minti 5 a kowace kilomita.
Rabin famfalaki cikin awa 2: minti 5 da sakan 41.
Famfalaki cikin awa 4: minti 5 da sakan 41.
Famfalaki cikin awa 5: minti 7 da sakan 7.

Ba dole sai da agogo mai tsada ake auna taku ba. Layin ciki na filin guje-guje mita 400 ne, wato zagaye biyu da rabi kilomita ɗaya ke nan, zagaye 25 kuma kilomita 10. Mai takun minti 6 zai riƙa kammala kowane zagaye cikin minti 2 da sakan 24. Inda babu fili, ana iya auna wata miƙaƙƙiyar hanya da mitar babur ko manhajar waya, a yi mata alama a kowace kilomita.

Me ya sa saurin farko ke cutarwa?

Jiki yana ƙona mai iri biyu lokacin gudu: kitse, da sukarin da aka adana a tsoka da hanta, wanda ake kira gilaikojin. Kitse yana da yawa amma a hankali yake ba da ƙarfi. Gilaikojin yana ba da ƙarfi da sauri, sai dai ajiyarsa ba ta wuce kimanin kalori 2,000 ba. Gudu kuwa yana cin kusan kalori 1 a kan kowane kilo na nauyin jiki a kowace kilomita. Ke nan mutum mai kilo 65 yana buƙatar wajen kalori 2,700 don ya gama famfalaki, abin da ya zarce ajiyar. Gwargwadon saurin gudu, gwargwadon yadda jiki ke dogara ga sukarin. Wanda ya ƙona shi tun da wuri yakan ci karo da abin da masu gudu ke kira “bango” tsakanin kilomita 30 da 35: ƙafafu su yi nauyi, kai ya yi jiri, gudu ya koma tafiya. Sakan 15 da aka ƙwato a kowace kilomita ta farko kan jawo asarar minti ɗaya ko biyu a kowace kilomita ta ƙarshe. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.

Ana raba tsere ta hanyoyi uku: rabin farko ya fi na biyu sauri, ko su zo daidai, ko na biyu ya ɗan fi sauri. Na farkon shi ne na yawancin sababbin shiga, sauran biyun su ne na ƙwararru. Lokacin da ɗan Kenya Kelvin Kiptum ya kafa tarihin duniya a Chicago ranar 8 ga Oktoban 2023 da awa 2 da sakan 35, ya yi rabin farko cikin minti 60 da sakan 48, na biyu kuma cikin minti 59 da sakan 47. Eliud Kipchoge ma, da ya gama tsawon famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a Vienna a 2019, yana biye ne da wata mota mai haska masa taku a kan kwalta, ga kuma 'yan rakiya 41 da ke karɓa-karɓa. Shi ya sa ba a sa wannan gudun cikin kundin tarihi ba. Irin waɗannan 'yan rakiya su ne ake kira “lièvre” da Faransanci, wato zomo. A manyan tsere akan sa su a cikin jama'a ɗauke da tuta mai nuna lokaci, kamar awa 4, domin mai son wannan lokacin ya bi su.

Yadda ake sanin takun da ya dace

Ana gane takun dogon tsere daga gajeren tsere da aka yi kwanan nan. A 1977 wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya fitar da lissafin da har yanzu ake amfani da shi. A taƙaice, idan aka ninka tsawon hanya sau biyu, lokaci zai ninka kusan sau 2.1. Wanda ke yin kilomita 10 cikin minti 50 zai iya sa ran awa 1 da minti 50 a rabin famfalaki, da awa 3 da minti 50 a famfalaki. Amma lissafin yana ɗauka cewa mutum ya yi horon da ya dace da tsawon hanyar. Mai shiga famfalaki karon farko gara ya ƙara minti 10 zuwa 20 a kan abin da lissafin ya ba shi.

Ginshiƙan horo

Na farko shi ne gudu mai sauƙi. Ma'auninsa magana: idan mutum zai iya yin cikakkiyar jimla da abokin gudunsa ba tare da haki ya katse shi ba, yana kan hanya. Masanin wasanni Stephen Seiler, wanda ke aiki a ƙasar Norway, ya lura cewa manyan 'yan wasan juriya suna yin kusan kashi 80 cikin 100 na horonsu a wannan mataki, kashi 20 kawai ke da tsanani. Gudu mai sauƙi ne ke ƙarfafa zuciya, ya ƙara ƙananan hanyoyin jini a tsoka, ya koya wa jiki ƙona kitse.

Na biyu, dogon gudu sau ɗaya a mako, ana ƙara masa kilomita 1 ko 2 lokaci zuwa lokaci. Mai shirin rabin famfalaki yakan kai shi kilomita 16 zuwa 18, mai shirin famfalaki kuma 30 zuwa 32.

Na uku, gudu mai sauri, shi ma sau ɗaya a mako, kuma sai bayan an yi wata biyu ko uku ana gudu a kai a kai. Misali, bayan ɗumama jiki na minti 10, a yi mita 400 da sauri sau 6, ana sassarfa ta minti 2 a tsakani. Ko kuma a yi minti 20 a kan takun da ake son yin tsere da shi, don jiki ya haddace shi.

Na huɗu hutu. Zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma jijiya da ƙashi suna ɗaukar watanni. Daga nan ne ciwon ƙwauri da na gwiwa ke shigowa. Masu horarwa da dama suna ba da shawarar kada ƙarin kilomitocin mako ya wuce kashi 10 cikin 100.

Wanda bai taɓa gudu ba zai fara da kwana uku a mako: gudu minti 1, tafiya minti 2, sau 8 zuwa 10. Cikin mako 8 zuwa 10 yawancin masu lafiya kan iya minti 30 ba tsayawa. Rabin famfalaki na buƙatar shirin kusan mako 12, famfalaki kuma mako 16 zuwa 20 ga wanda ya riga ya saba. A mako biyu zuwa uku na ƙarshe ana rage yawan gudu domin a isa ranar tsere da hutaccen jiki.

Zafi, ƙura da tudu

Teburin taku an tsara shi ne don yanayi mai sanyi da shimfiɗaɗɗiyar hanya. A cikin zafi jiki yana tura jini zuwa fata don ya huce, sai abin da ke isa tsoka ya ragu, bugun zuciya ya ƙaru. Ko ƙwararru ba su tsira ba. A gasar duniya ta 2019 a Doha, an fara famfalakin mata da tsakar dare don guje wa rana, duk da haka 28 daga cikin mata 68 ba su kai ƙarshe ba. Ruth Chepngetich ta Kenya ta yi nasara da awa 2 da minti 32, alhali a farkon shekarar ta yi awa 2 da minti 17 a Dubai.

Wannan ya shafi mai gudu a Yamai, Maraɗi, Njamena ko Garwa kai tsaye, inda zafin rana ke haura digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu. A bazara lokacin gudu shi ne bayan sallar asuba, kuma a bar numfashi ya yi jagora maimakon agogo. A garuruwan gaɓar teku irin su Akara, Kwatano da Duwala, laimar iska ce ke hana gumi bushewa, don haka jiki ba ya hucewa da sauri. Wanda zai bar Sahel ya je tseren Legas, wanda aka fara a 2016 kuma galibi ake yi a watan Fabrairu, ya sa wannan a lissafi. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da sabon yanayin zafi. Hunturu kuwa yana kawo safiya mai sanyi da ta dace da dogon gudu, sai dai ranar da ƙura ta yi kauri gara a rage ko a fasa, musamman ga mai asma.

A kan tudu taku ba ya aiki yadda aka saba. Tseren Dutsen Kamaru da ake yi a Buea tun 1973, wanda Sarah Etonge ta lashe sau bakwai, hawa ne da saukowa daga dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,000. A irin wannan hanya ƙarfin numfashi ake daidaitawa, kuma tafiya a wurin da ya yi tsayi sosai dabara ce da manyan 'yan tsere ma ke yi.

Ruwa, abinci da azumi

A cikin zafi mai gudu kan zubar da gumi lita 1 zuwa 2 a awa. Hanyar sani ita ce hawa sikeli kafin gudu da bayansa: kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. A sha gwargwadon ƙishirwa. Ɗura ruwa fiye da kima yana tsinka gishirin jini, kuma hakan na iya kisa. Idan gudu zai wuce minti 90, jiki na buƙatar giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa. Ƙananan dabino shida ko babbar ayaba ɗaya sun kai kusan giram 30. Duk abin da za a ci ko a sha ranar tsere, har da takalmin da za a sa, a gwada shi tun a horo.

A watan Ramadan ana rage tsawo da tsanani. Sassarfa ta minti 20 zuwa 30 dab da shan ruwa ta wadatar, gudu mai nauyi kuma a bar shi sai bayan buɗa-baki da awa biyu ko uku, ko bayan tarawihi.

Alamomin haɗari

Ba a gudu da zazzaɓi, kuma wanda ya tashi daga zazzaɓin cizon sauro ya jira har ƙarfinsa ya dawo. Mai hawan jini, ciwon sukari ko ciwon zuciya, da wanda ya haura shekara 40 bai saba motsa jiki ba, ya fara ganin likita. Mai rukunin jini AS yana iya gudu, amma ya kiyayi matsanancin gudu cikin zafi da ƙishirwa. Mai sikila kuwa sai da izinin likitansa. Ciwon ƙirji, jiri, ko fitsari mai launin baƙin shayi bayan gudu suna buƙatar asibiti. Idan mai gudu ya rikice, yana tangaɗi ko yana maganar da ba ta da kai, jikinsa kuma ya yi zafi rau, bugun zafi ne. A kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi a duk jiki nan take ana yi masa fifita, sannan a garzaya da shi asibiti.

Ranar tsere

A ci abinci mai sauƙi da aka saba, kamar koko ko burodi da shayi, awa biyu zuwa uku kafin a fara. A tsaya a layin da ya dace da takun mutum, kada turmutsutsun gaba ya ja shi. Kilomita biyu ko uku na farko a yi su da jinkirin sakan 5 zuwa 10 a kan takun da aka tsara, ko da jiki yana jin zai iya fiye da haka. Daga nan a zauna a kan taku, ana duba agogo a kowace alamar kilomita. Sai an cinye kashi uku cikin huɗu na hanya, wato kilomita 7 ko 8 a tseren kilomita 10, ko kilomita 32 a famfalaki, sannan wanda ke da sauran ƙarfi ya ƙara sauri.