Takarda da hanya: yadda Heinrich Barth ya ƙetare iyakokin ƙasashenmu, 1850-1855

Masu karatun littafin tafiyar Heinrich Barth, wanda ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, galibi suna neman kwatancin birane da kasuwanni ne a cikinsa. Mu a wannan ɗan rubutu wani abu dabam za mu duba: yadda baƙo yake samun izinin shiga ƙasa da fita daga cikinta a Sudan ta Tsakiya kamin zuwan mulkin mallaka. Ana yawan faɗa mana a lakwal cewa Turawa ne suka kawo iyaka. Gaskiya ne su suka ja layi bisa taswira, amma tsaron hanya da tambayar baƙo wa ya aiko shi sun girmi zuwansu nesa.

Barth Bajamushe ne, gwamnatin Ingila ce ta ɗauke shi tare da James Richardson da Adolf Overweg. Sun bar Tarabulus cikin watan Maris na 1850, suka bi ta Murzuk da Gat suka nufo Abzin. Tun daga farko Barth ya ɗauki sunan Abdulkarim, ko da yake a wannan ɓangare na tafiyar bai ɓoye cewa shi Kirista ne ba. Abin hawansu raƙuma ne, kuma cikin kayan da raƙuman suka ɗauko har da jirgin ruwa da aka raba gida huɗu don a haɗa shi a tabkin Cadi, abin da Overweg ya yi a 1851. Da suka iso bakin Abzin cikin watan Agusta, sai da suka fanshi kansu da kaya masu yawa daga hannun Abzinawan da suka tare su, kamin su kai Tintellust wurin Annur, babban Kel Ewey, wanda shi ma bai ba da kariyarsa kyauta ba. Daga nan Barth ya tafi Agadas cikin Oktoba, bisa takarkari wanda ya kayar da shi a hanya, ya gana da Sarkin Abzin Abdulƙadir, ya samu wasiƙu zuwa ga sarakunan Katsina, Kano da Daura.

Waɗannan wasiƙu su ne paspo na wancan zamani, amma akwai bambanci wanda ya kamata mu tsaya a kansa. Paspo na yau ƙasa ce ke ba da shi ga ɗanta, kuma yana magana da duk wata hukuma da ta buɗe shi. Wasiƙar Sarkin Abzin kuwa mutum ne ya rubuta wa mutum. Darajarta tana ga dangantakar mai aikawa da wanda aka aika wa a ranar da aka karanta ta, ba ranar da aka rubuta ta ba. In dangantakar ta ɓaci a tsakani, takardar da baƙo ya ɗauka kariya ce sai ta zame masa shaida a kansa.

Abin da ya faru a Katsina cikin Janairu 1851 ya nuna haka. A Damargu matafiyan uku sun rabu: Richardson ya nufi Damagaram, wadda ke ƙarƙashin Borno, Overweg ya yi wajen Maraɗi da Gobir, Barth kuma ya bi ayarin gishiri ta Tasawa zuwa Kano. Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi fiye da mako guda. Barth ya ɗauki abin a matsayin kwaɗayin kyauta kawai, kuma lalle sai da ya ci bashi ya ƙara gaisuwa kamin a sallame shi. Amma dalilin da sarkin ya bayar, yadda Barth da kansa ya ruwaito, na siyasa ne: Borno ta samu Bature guda, Maraɗi ta samu guda, to shi ba zai saki na ukun ya wuce ba tare da sanin Sakkwato ba. Duk wanda ya san cewa Katsinawan Maraɗi suna kai hari ƙasar Katsina a waɗannan shekaru zai gane wannan lissafi. Sarkin da ke bakin daga yana so ya san me abokin gabansa ya samu daga baƙin, shi ya sa cikin abubuwan da ya roƙa har da abin da ya kira maganin yaƙi, watau rokoki.

A Yola abin ya fi muni. Barth ya isa ranar 20 ga Yuni 1851, bayan ya ƙetare Binuwai, tare da ɗan rakiya daga Kukawa. Wasiƙun da ɗan rakiyar ya miƙa wa Lamiɗo Lawal sun tayar da maganar wata ƙasa ta kan iyaka da Borno ke cewa tata ce. Lamiɗo ya amsa cewa shi bawan Sakkwato ne, da takardar Sarkin Musulmi baƙon ya zo da an karɓe shi. Kwana huɗu aka yi aka kore shi, yana fama da zazzaɓi. A Bagarmi kuma, a 1852, masu jirgi sun ƙi ƙetarar da shi kogin Shari, ya ƙetare a wani mashigi dabam, daga baya aka kama shi a garin Mele aka sa masa mari kwana huɗu. A nan mai fito shi ne jami'in iyaka, kogin kuma shi ne shingen.

A matsayinmu na masu nazarin harshe, kalmar fito ta cancanci a lura da ita. Asalinta ƙetarar da mutum ko kaya a ruwa, kuɗin fito kuma ladan mai jirgi ne, daga nan ta faɗaɗa zuwa abin da fatake ke biya don a bar su su wuce. Yau a Maraɗi ko Birnin Ƙonni in aka ce ƴan fito, ana nufin masu ƙetarar da kaya ta bayan duwan. Kalmar da ke nufin biyan haƙƙin hanya ta koma nufin kauce masa, ƙetarewar dai tana nan. Haka gaisuwa: Barth yakan fassara ta da kyauta, ya yi ta ƙorafin tsadarta, alhali kuwa a fada tana kusa da abin da muke kira kuɗin biza, sai dai ba ta da ƙayyadadden farashi, ana auna ta da girman wanda ya aiko baƙon. Mai cewa shi manzon sarauniyar Ingila ne ba zai yi gaisuwar ɗan koli ba. Wannan ba ya wanke kowa: akwai fadawa da masu masauki da suka tatse shi don cikinsu kawai, kuma da ya isa Kano cikin Fabrairu 1851, inda dala guda take wuri 2500, bashi ya yi masa katutu.

A tafiyarsa ta yamma ya nuna ya ɗauki darasi. Richardson ya rasu a 1851, Overweg a 1852, shi kaɗai ya rage. Ya iso Damagaram ranar 25 ga Disamba 1852, ya zauna fiye da wata guda yana jiran kuɗi daga arewa, ya sayi kayan gaisuwa a Katsina, sa'an nan ya nemi tushen izini maimakon rassansa. Ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu ɗan Bello kusa da Wurno, ya samu takardarsa, ya ƙara da ta Halilu na Gwandu, domin hanyar Sayi a ƙarƙashin Gwandu take. Ranar 20 ga Yuni 1853 ya ƙetare Kwara a Sayi da raƙumansa cikin kwale-kwale ba tare da an hana shi ba.

Bayan Liptako takardun nan suka daina aiki, don an shiga inuwar Hamdallahi ta Masina. A nan ne ya ɓad da kama, ya ce shi sharifi ne mai kai wa Shehu littattafai daga gabas. Ya shiga Tumbutu ranar 7 ga Satumba 1853, asirinsa ya tonu, Hamdallahi ta nemi a kore shi ko a miƙa shi, Shehu Ahmadul Bakkay na Kunta kuma ya ƙi, bisa hujjar amanar da Musulmi ya ba baƙo. Sai cikin Mayu 1854 ya samu fita, ya biyo bakin kogi ta Gawo har Sayi, ɗauke da wasiƙar Shehun zuwa ga sarakunan gabas.

Shin sarakunan da suka yi zarginsa sun yi kuskure? Barth bai zo da soja ba, kuma ya rubuta tarihinmu da mutunci fiye da yawancin ƴan zamaninsa. Amma a 1890, da Faransa da Ingila suka raba yankin bisa takarda, layin da suka ja ya tashi daga Sayi zuwa Barwa a bakin Cadi, wuraren da Turai ta sani ta hanyar matafiya irinsa. Monteil ya bi layin a 1891 da 1892. Sa'ad da kyaftin Cazemajou ya iso Damagaram a 1898, Sarki Amadu Kuran Daga bai karɓe shi yadda aka karɓi Abdulkarim ba, aka kashe shi cikin watan Mayu, shekara ta gaba kuma Faransawa suka ci birnin.

Barth ya bar Kukawa cikin Mayu 1855, ya bi ta Bilma zuwa Tarabulus, ya shiga jirgin ruwa zuwa Malta da Marseille, ya isa London ranar 6 ga Satumba. Hanyar da ta ci masa watanni a hamada ta koma ta kwanaki. Tare da shi akwai samari biyu da Overweg ya ƴanta, Abbega da Dorugu. Dorugu ɗan Dambanas ne kusa da Kance, kuma a Ingila ya zauna wurin J. F. Schön, ya ba shi labarin tafiyarsa da Hausa, wanda aka buga cikin Magana Hausa a 1885. A can shi ne baƙon, kuma abin da ya shigar da shi Turai shi ne kasancewarsa yaron Abdulkarim.