Daga Kasuwar Ariaria Zuwa Uromi

Idan muka waiwayi ƙarshen mulkin soja a ƙasar nan, za mu tarar da garin Aba cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. 'Yan fashi sun addabi kasuwar Ariaria, har ta kai fatake daga nesa sun fara ƙauracewa. Abin da ya fi ci wa 'yan kasuwa tuwo a ƙwarya shi ne, yau a kama ɓarawo a miƙa wa 'yan sanda, jibi a gan shi yana yawo, yana kuma neman wanda ya tona shi. A wajajen 1998 ne masu ɗinkin takalma na wani sashe na kasuwar da ake kira Bakassi suka ɗauki adduna da kansu. Asalin ƙungiyar Bakassi Boys ke nan.

Da farko jama'a sun yi na'am da su, mu kuma bai kamata mu yi saurin ganin wautarsu ba, domin wanda aka kwana ana yi wa fashi ba ya tambayar sashen doka. Shari'arsu ba ta da lauya, ba ta da ɗaga ƙara. An yi imani cewa addarsu kan rine ta yi ja idan aka ɗora ta a jikin mai laifi. Daga nan sai sara, sai taya da fetur, a bainar jama'a.

A shekarar 2000 Gwamna Chinwoke Mbadinuju ya gayyato su Anambra, aka yi musu doka, aka sa musu sunan hukuma. To, a nan ne fa gizo ya yi saƙa. Waɗanda aka ɗauko don ɓarayi sai aka wayi gari ana zarginsu da farautar 'yan adawa da shiga rigimar bashi da ta fili. A 2002 gwamnatin tarayya ta tura 'yan sanda suka tarwatsa sansanoninsu, suka fito da mutanen da ke tsare a ciki.

Ƙungiyar ta watse, amma ɗabi'ar ba ta watse ba, kuma baƙo ne ya fi shiga haɗarinta, tun da ba shi da mai shaidarsa. A watan Maris na 2025 'yan banga suka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo. Cikinta akwai mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Jihar Ribas za su Kano yin Sallah. Da aka ga bindigogin farauta, sai aka ce masu garkuwa da mutane ne. Mutum 16 aka kashe, ba a kai ko ɗaya gaban alƙali ba.