Dutsen da ke ba da labarin iskar metan

Mai karatu, in ka taka taɓon bakin tabki a Yauri bayan damina, kana iya ganin kumfa tana ɓulɓulowa. Yawancin iskar da ke cikin kumfar nan sunanta metan. Ba ta da launi, ba ta da wari, amma tana kama wuta. Tana samuwa ne in ciyawa ko kashin dabbobi sun ruɓe inda iska ba ta shiga. Dabam take da gas ɗin kwalba na dafa abinci, irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ta fara fitarwa a 2011.

Kumfar tabki takan fashe, ta ɓace ba tare da barin sawu ba. Amma a ƙarƙashin teku, metan yakan bar shaida, kuma shaidar dutse ce.

Yadda iska ke zama dutse

A wasu wurare na gindin teku, metan yana tsattsafowa daga cikin laka sannu a hankali, kamar idon ruwa. A 1984, Charles Paull da abokan aikinsa suka bayyana irin wannan wuri kusa da Fulorida ta Amurka, cikin zurfin da ya wuce mita 3,000. A 2000 kuma, wata masaniya Bajamusa, Antje Boetius, ta nuna cewa ƙwayoyin halitta iri biyu, waɗanda ido ba ya gani, suna haɗa kai su cinye wannan iska a cikin laka.

Abin da ya rage bayan cinsu yana gauraya da sinadarin kalsiyom na ruwan teku, sai ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa. Masana suna kiran wannan dangi karbonat. Ka san ƴan dangin nan: farin ɓawon da ke manne wa cikin butar shayi ɗaya ne, kanwar fadama ma ɗaya ce.

Ba kowace farar ƙasa ce ta metan ba

Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ya rufe ƙasar Adar har zuwa Sakkwato. Ɓawon halittunsa ne ya taru ya zama farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Malbaza da Kalambaina. Wannan dutse shimfiɗe yake, yana tafiya nesa. Na metan kuwa yakan zo dunƙule a wuri guda, kamar tudu ko curi. Don su bambanta su, masana suna duba alamu uku:

1. Nauyin karbon. Sinadarin karbon yana da mai sauƙi, wato karbon 12, da mai ɗan nauyi, wato karbon 13. Metan yana da ƙarancin mai nauyin. Ana niƙa ɗan gutsuren dutse, na'ura ta raba su kamar yadda mai shiƙa ke raba tsaba da ƙaiƙayi. In karbon 13 ya yi kaɗan ƙwarai, asalin dutsen metan ne.

2. Ragowar halittu. Makankari da tsutsotsi masu zama cikin bututu sukan yi cincirindo a bakin tsattsafar. Ɓawonsu yana nan cikin dutsen.

3. Ragowar maiƙo. Ƙwayoyin da suka ci metan suna barin wani maiƙo na jikinsu, wanda ke daɗewa shekaru miliyoyi.

Inda aka same su

A jihar Kolorado ta Amurka akwai ɗaruruwan ƙananan tuddai masu kama da jinkar ɗaki, ana ce musu Tepee Buttes. Tsattsafar metan ce ta gina su kimanin shekara miliyan 75 da suka wuce, lokacin da wurin yake teku. A Afirka ma akwai. A Hamar Laghdad, kusa da garin Erfoud na Maroko, wani tudu mai suna Hollard ya haura shekara miliyan 380. Yau yana tsaye cikin hamada.

Me ya shafi manomi?

Metan yana riƙe zafin rana a sararin sama. Cikin shekara 100, ƙarfinsa ya ninka na iskar da ke fita daga ƙona gawayi da fetur fiye da sau 25. Metan mai yawan gaske yana daskare kamar ƙanƙara a ƙarƙashin teku, sanyi da nauyin ruwa ne suka danne shi. Duwatsun gindin tekun arewacin Norway sun nuna cewa ya ɓalle da yawa fiye da shekara 10,000 da suka wuce, bayan narkewar ƙanƙarar da ta danne yankin. Sanin abin da ya sake shi a da yana taimaka wa masana su auna abin da ɗumamar duniya za ta iya jawowa. Zafin duniya kuwa yana taɓa damina, damina kuma ita ce geronka.

Shawara

In kana haƙar rijiya, ko tafiya ta kai ka Adar, ka ga dutse mai ɓawon katantanwa, kada ka farfasa shi. Ka ɗiga masa ruwan lemun tsami. In ya yi ƴar kumfa, dangin farar ƙasa ne. Ka rubuta wurin da zurfin da ka same shi, ka nuna wa malaminku na yaƙi da jahilci ko ma'aikatan ma'adinai. In ba a san inda dutse ya fito ba, rabin labarinsa ya ɓace.