Gangar da ke makara: tarihin jinkirin sauti

Mai kalangu bai san wani abu wai shi jinkirin sauti ba: sanda na sauka kan fata, kunne ya ji. Amma mu mazauna gidajen haya a Landan, Manchesta ko Bronx, inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabcin da ba ya son jin ko tari da daddare, gangar lantarki muke saya wa yara. Yaro ya koya, ya haɗa ta da kwamfuta don ya naɗi kiɗansa, sai ya buga yanzu, sautin ya iso an jima. Ya riƙa tuntuɓe, ya ɗauka hannunsa ne ba shi da kiɗa. Uba kuma ya fara lissafin kuɗin sabuwar kwamfuta. Alhali matsalar ta girmi yaron, ta girmi kwamfutar gidan.

Tun zamanin naɗar sauti a kan tef ake wannan fama. Na'urar na da kai guda mai rubutawa, da wani a gaba kaɗan mai karantawa. Wannan 'yar tazarar ta sa duk wanda ya so ɗora sabon kiɗa a kan tsoho sai ya makara. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Ampex na Amurka ya samo mafita: a saurari tsohon kiɗan ta kan da ke rubutawar. Da wannan dabara ya ƙera wa mai jita Les Paul na'ura mai layi 8. Ka riƙe darasin, don zai dawo: a saurara daga wurin da ya fi kusa da bugun.

A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya fitar da SDS-V, gangar nan mai kusurwa 6 da ta cika waƙoƙin Turawa na lokacin. A cikin akwatinta sautin ke fitowa, don haka babu jira. Sai a Janairun 1983, a baje-kolin NAMM a Kalifoniya, aka haɗa kayan kiɗa na kamfanoni biyu da waya ɗaya suka fahimci juna. Wannan shi ne MIDI, wanda Dave Smith da Ikutaro Kakehashi, mai kamfanin Roland, suka yi wa jagora. MIDI ba sauti yake aikawa ba, saƙo ne kawai: an bugi ganga kaza da ƙarfi kaza. Saƙo ɗaya bai cika milisakan 1 ba a hanya, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Kwamfutar Atari ST ta 1985 da ramin MIDI a jikinta ta zo, kuma makaɗa sun daɗe suna yabon saitinta. Sirrin kuwa, ba ita ke yin sautin ba. Umarni take bayarwa.

To, rigima ta fara ne da aka ce kwamfuta ta yi komai da kanta. A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da VST, daga baya har kayan kiɗa suka koma manhaja. A 1997 Roland ya kawo V-Drums mai fatar raga, wadda ba ta tada maƙwabta. Sutudiyo ya shigo ɗaki, jinkiri ya biyo shi.

Dalili? Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ƙwaya-ƙwaya. Kamar mai awo take: sai mudu ya cika ta juye. Wannan mudun ake kira bafa. A daƙiƙa ɗaya akan yanka sauti gutsure 44,100. In mudun na cin 1,024, jiran ya kai milisakan 23. In 512 ne, kusan 12. In 128 ne, bai kai 3 ba. In kuma sautin zai shiga kwamfuta ya sake fita, sau biyu za a yi awon. Don ka gane girman abin: sauti na cin kimanin milisakan 3 kafin ya yi tafiyar mita 1 a iska. Jinkirin 23 tamkar ka buga ganga ne a nan, ta amsa daga nisan mita 8. Mai waƙa mai jan murya zai iya haƙuri. Mai ganga, ina!

Tsohon tsarin sautin Windows kuwa don sauraro aka gina shi, ba don kaɗawa ba, mudunsa ƙato ne. Shi ya sa Steinberg ya ƙirƙiro ASIO, direban da ke kai sauti kai tsaye zuwa akwatin sauti ba tare da zagaye ba. Apple ma ya gina Core Audio cikin Mac OS X.

Wannan tarihin shi ne jerin maganin. Da farko, a koma dabarar Ampex: a cusa abin sauraro a akwatin gangar kanta, kwamfuta ta naɗi MIDI kawai, a sauya sauti daga baya. In dole sai an ji sautin manhaja, mai Windows ya zaɓi direban ASIO na akwatin sautinsa, ko ASIO4ALL in ba shi da shi. A sauke bafa zuwa 128 ko 64. In sauti ya fara ƙarar-ƙarar, a ɗaga mataki ɗaya. A kashe manhajojin gyaran sauti masu nauyi sai an gama ɗauka. In bugu ɗaya na fitowa biyu, ana jin akwati da kwamfuta ne a tare. A rufe ɗaya. Abin sauraro na Bluetooth kuwa a ajiye shi, don shi kaɗai yakan ƙara fiye da milisakan 100.

Saboda haka 'yan'uwa, kafin a ce yaro ba shi da hannu, ko a taɓa kuɗin da za a aika gida a sayi sabuwar kwamfuta, a fara leƙa girman mudun. Allah Ya sa albarka a abin da yaranmu ke koyo.