Daga masaukin fatake zuwa ɗakin haya

Wanda ya taɓa neman ɗakin haya kusa da kasuwar Makola a Ankara ko Kejetia a Kumasi ya san irin wahalar. Dillali zai karɓi nasa, mai gida kuma ya nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta Gana ta 1963 wata shida ta yarda a karɓa tun da farko. Kakanninmu da suka kafa zangogin ƙasar nan da wata hanya suke saukar baƙo.

A ƙarni na 19, ayarin fatake kan taso daga Kano ko Katsina da kanwa da tufafi da fatu, ya yi watanni kafin ya iso Salga, babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Falke ba ya yawon neman ɗaki. Gidan fatoma yake nufa, wato mai masaukin da ya saba da shi. Shi zai ba shi makwanci da wurin ajiyar kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in an yi ciniki bashi. Ladansa kuwa la'ada ce daga cinikin. Saboda haka ribar baƙo ribar maigida ce, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya ayarin baɗi ba zai sauka ƙofarsa ba.

Yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa Karaci da Kumasi da Ankara, suka tafi da wannan al'ada. A Ankara, da zangon Malam Nenu na tsakiyar gari ya cika, ɗansa Malam Baƙo ya samu fili a hannun sarakunan Ga, ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Sannu a hankali mota ta maye gurbin jaki, baƙo ya zama mazauni, ɗakunan baƙi suka koma na 'yan haya masu biya wata-wata.

Yau gidajen zangon da ke dab da kasuwa sun yi daraja, magada suna sayarwa, ana rushewa ana gina shaguna, jikokin masu saukar baƙi suna komawa bayan gari neman haya. Kafin a sa hannu a takardar ciniki, ya kamata zuriya ta zauna ta tuna cewa kusancin gidan da kasuwa shi ne jarin da kakanta ya bar mata.